Muryar Auta a Ɗakin Gwaji

Makullin gida na manta a ɗakin gwaji, shi ya mayar da ni makaranta gab da magariba. Ni malamar jinya ce, taimakon gaggawa nake koyarwa. Ɗalibai sun sha cewa suna jin motsi a ɗakin nan, ni kuma in ce yunwa ce, su je su ci abinci.

A ɗakin akwai mutum-mutumin roba kwance a gado, ƙirƙirarriyar basira ke sarrafa shi. Yana numfashi, yana tari, yana amsa tambaya. Ɗalibai sun raɗa masa suna Uwar Raki. Dokar da nake dasa musu a ka guda ce: in ka fara danna ƙirji, ba ka tsayawa sai an karɓe ka ko numfashi ya dawo. In abin ya gagara, malama kaɗai ke rufe gwajin, ta faɗa da bakinta cewa mara lafiya ta rasu, sannan na'urar ta yi shiru.

Da aka kawo shi, an nemi wadda za ta ba shi murya da harshenmu. Na kawo Auta, ƙanwata da na raina tun rasuwar mahaifiyarmu. Asma gare ta, ba sai an koya mata nishi ba. Ana naɗar muryar tana dariya, wai yau dai ciwonta ya samu aikin yi.

Asmar ce ta ɗauke ta a cikin motar haya, ina aji ina koya wa 'ya'yan wasu ceton rai. Tun ranar bakina ya ƙi furta cewa ta rasu, sai dai in ce ba ta nan. Shugabar makaranta ta ji tausayina, ta sa a goge muryar. Washegarin ranar da na manta makullin za a yi aikin, har mai gyara ya zare batirin ya tafi da shi. Ni kuwa wannan tausayin bai yi mini daɗi ba, don muryar ce kaɗai ta rage mini.

Na tura ƙofa. Babu wuta, allon na'urar baƙi ƙirin. Ɗakin da ya saba warin roba da maganin goge hannu, ranar ƙamshin man zafi yake yi, irin wanda nake shafa mata a ƙirji.

Na ɗauki makullina a kan tebur. Sai na ji numfashi a bayana, mai ɗan fito a ƙarshensa.

"Yaya."

Na'urar "malama" take cewa. Ba a taɓa naɗa mata wannan kalma ba.

"Yaya, abin shaƙata ya ƙare."

Zanin da aka rufe mutum-mutumin da shi yana ɗagawa yana sauka. Ya ɗaga. Ya sauka. Bai sake ɗagawa ba.

Hannuna ya riga hankalina. Na yaye zanin, na ɗora tafin hannu, na fara dannawa. Na sunkuya na hura masa iska.

Leɓen robar da ɗumi.

Ƙirjin ya cika. Nawa bai cika ba. Duk iskar da na hura, ba ta dawo mini. Fiton ya bar gado ya koma maƙogwarona.

Yatsu suka naɗe wuyan hannuna. Idanun gilashi suka juyo.

"Ƙara, Yaya. Saura kaɗan."

Auta ba ta taɓa cewa a ƙara mata komai ba. Yarinyar da ke cusa fuska a matashi don kada tarinta ya tashe ni. Na san ba ita ba ce.

Na sani, kuma na ci gaba.

Ɗakin ya fara juyawa. Babu mai karɓata, ginin ba kowa. Ɗaliba ba ta tsayawa. Amma ni ce malama.

Na tattara ɗan numfashin da ya rage, hawaye na ɗiga a kan robar.

"A tsaya," na ce. "Auta ta rasu."

Yatsun suka saki. Hannun ya faɗi gefen gado, roba ce kawai, sanyi ƙalau.

Da rarrafe na fito. A bakin matakala mai gadi ya tsince ni, ya yi ta yi mini fifita da hularsa.

Da safe mai gyara ya ce bai tarar da abin gogewa ba, muryar babu ita. Yanzu Uwar Raki da muryar wani namiji take nishi. Ni da ban taɓa yin asma ba, abin shaƙa ba ya barin jakata. Na kuma ƙara darasi guda, ina koya wa ɗalibai yadda ake ɗauke hannu.

Kwanan baya wata sabuwar ɗaliba ta tambaye ni ko ina da ƙanwa. Na ce ina da ita, ta rasu. Bakina bai yi gardama ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da na gani a ɗakin nan.