Tsarabar Chamsiya

Ana gab da magariba Hamissou ya bar High Point Road, ya kama hanyar McLeansville. A kujerar gefensa akwai shebur, da wani ɗan ƙulli cikin farin ƙyalle.

Ƙanwarsa Chamsiya ce ta zo da abin. Ita ce mai karatun gidan. Shi tun a Maraɗi ya bar lakwal, a nan ƙasar waje kuma motoci yake wankewa. Da jami'a ta tura ta Paris karatun tarihin Faransa, shi ya kai ta filin jirgi yana tsokanarta: "Ke Madam, kada ki dawo mini hannu biyu. Tsarabata, ko da tsakuwa ce."

Ta kuwa kawo. A wani rami ƙarƙashin birnin, inda aka jibge ƙasusuwan mutanen dā, ta tsinto masa farar tsakuwa. Ashe gaɓar yatsa ce.

Tun satin da ta dawo Hausa ta bar bakinta. Sai wani tsohon Faransanci da ko shi ba ya kamawa. Mama ta kira sunanta, ita kuwa ta dube ta kamar baƙuwa.

Malam Seydou, malamin da suka kai wa maganar, ya juya ƙullin ya ce, "Mai shi ne ya biyo kayansa. Kai shi inda ba kowa ka binne. Kome ka ji, kada ka tanka. Bai san harshenmu ba. Kada ka ba shi ko kalma ɗaya."

Bayan gida na ƙarshe ya tsaya, a bakin wata gona. Ƙamshin yankakkiyar ciyawa. Kukan gyare. Jar ƙasa mai danƙo tana kama bakin shebur.

Sai gyaren suka yi tsit.

Wani wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

"Bonsoir."

A bayansa. Muryar tsoho, busasshiya. Tun da aka haife shi ba a taɓa gaishe shi ya ƙi amsawa ba. Ya ciji leɓe, ya ci gaba da haƙa.

Taku, a hankali, ana jan ƙafa.

Sai kuka. Kukan Chamsiya, da wannan shessheƙar tata ta ranar da aka fita da gawar Baba.

Shebur ya suɓuce masa.

"Ƙanwata, ke ce? Yi shiru. Ga ni nan. Mu je gida."

Kukan ya yanke.

Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarsa. Muryar ta maimaita, tana ɗanɗana kowace kalma:

"Ga... ni... nan."

Bai san yadda ya kai mota ba. Ƙullin na can cikin rami, ba a rufe shi ba.

A bakin ƙofa Mama ta tare shi, tana hawaye tana dariya. "Hamissou, ta yi magana! Wallahi da Hausa!"

Chamsiya na zaune a bakin gado, hannuwa bisa gwiwa. Ta ɗago kai ta yi masa wani murmushi da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Yi shiru," ta ce. "Mu je gida."

Washegari Mama ta soya masar sadaka ta raba. Hamissou ya koma gonar, ya tarar da ramin wayam.

Tun daga nan ya daina magana a cikin gidan. Amma Mama wuni take tana hira da ita, kuma kullum abin yana ƙara kalma. Ran Juma'a har abin ya iya cewa "Yaya."