Tuwon Mairama ta Damagaram

A kasuwar Birnin Kudu Safiyatu ta fara ganin Barau. Ta miƙa kwalba a zuba mata kananzir, shi kuwa ya shagala da kallonta har kwalbar ta cika ta malale.

"Malam, so kake ka ƙone kasuwa?" ta ce tana dariya.

Ɗan Gwaram ne, sana'arsa kai gangunan kananzir Damagaram. Kafin damina ta kankama har ya raɗa mata suna Fitilata.

Da aka je neman aurenta, babanta ya ce sam. "Masu kai mai ƙetare 'yan fasa-ƙwauri ne. In yana da takardar hukuma ya kawo kafin kaka, in babu magana ta mutu."

Ana cikin haka aka ƙara haraji a kan iyaka, aka ce ba gangar da za ta wuce sai mai karɓa a can ya sa hannu. Barau ya maƙale a Maigatari sati uku. Sai ga wasiƙa:

"Fitilata, kwastan sun riƙe kaya. Mairama ce ta zo daga Damagaram ta tsaya mini, ita ke ba ni tuwo, ita za ta sa hannu. Ba don ita ba da na shiga uku. Naki, Barau."

Mairama! Kishi ya turnuƙe Safiyatu. Nan take ta ƙera ta a zuci: doguwa, fara, mai wushirya, ga iya girki. Ko kunu ya daina wuce mata. Ta aika amsa:

"Tuwon Mairama ya ishe ka. Kar ka ƙara kirana Fitila."

Ana gab da yankan gero mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Ta leƙo, ta ga Barau yana sauko da wata mace a hankali. Ashe tsohuwa ce tukuf, da sandarta, haƙora biyu suka rage mata.

"Ke ce mai kishi da ni, 'yar nan?" in ji Hajiya Mairama. "Shekara arba'in ina karɓar kananzir, jikana ma ya girme ki."

Safiyatu ta rufe fuska, kunya kamar ta nutse.

Tsohuwa ta miƙa wa Baba takarda mai hatimi. Ya duba gaba da baya, ya ce, "Na ba shi. Allah ya yi albarka."

Bayan biki Barau ya tambaye ta, "Fitilata, kishin ya wuce?"

"Bai wuce ba," ta ce, ta tura masa akushi. "Sati uku kana cin tuwon wata. Zauna ka ci nawa."