Minti Huɗun da Yasira Ta Yanke

Tsohon bai kai ƙarshen jimlar ba Yasira ta gane ba wannan naɗin ta ba Barira ta saka ba.

Zauren makarantar da suka ara a Yelwa cike yake, don ranar ce Ƙungiyar Raya Kufai ke baje kolin tarihi kamar yadda take yi kowane rani. Ɗalibai a gaba, dattawa a baya, Innarta a layi na biyu da sabon mayafi. Muryar da ke fita daga lasifika ta tsoho Ɗangana ce, kakan Sallau, yana ba da labarin tashinsu daga Gungun Tsamiya shekarar da ruwan Kainji ya cinye tsibirin. Yasira ce ta je Wara ta naɗo muryar, ita ce kuma ta yanke minti huɗu daga ciki ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Minti huɗun ne jama'a ke ji yanzu.

"Wakili aka ba rubuta gidaje. Ya tsallake namu, saboda rigimar wurin kamun kifi da ya yi da ubana. Kowa ya samu gida a sabon gari, mu damina biyu muka yi cikin bukka... A nan sanyi ya kama ƙanwata Marka, ta tafi."

Wakili mahaifin Inna ne.

Inna ta miƙe ta gyara mayafinta, ta fita ba ta dubi kowa ba. Barira, wadda aka ɗora wa kula da kwamfuta, ta ce kuskure ne, sunayen naɗin ne suka yi kama. Duk ƙungiyar an san ta daɗe tana son Sallau, an kuma san ta ji labarin magabatansa za su je gidan su Yasira bayan Sallah.

Sallau shi ne maginin ƙungiyar. Shekara uku ke nan yana jagorantar yaɓen abin da ya rage na tsohuwar ganuwar Birnin Yauri, kuma a gindin ganuwar suka saba da Yasira, ita tana ɗaukar hoto, shi yana kwaɓa ƙasa da ciyawa. Ya same ta a bayan zauren bayan an watse. Ta ɗauka lallashinta ya zo yi.

"Ke kika yanke maganar Kaka?"

"Don mu na yi, Sallau. Ka san Inna..."

"Shekara hamsin da ɗoriya bai faɗa wa kowa ba. Ke ya faɗa wa, don ya yarda da ke."

Bai ɗaga murya ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

A gida Inna ta yanke hukunci tun kafin Yasira ta cire takalmi. Ta ce ubanta na kabari an tozarta shi gaban yaran makaranta, kuma jikan mai bakin nan ba zai taka mata zaure ba. Shugaban ƙungiya, Malam Bashir, ya karɓe na'urar naɗi daga hannun Yasira, ya ce wanda ke rage wa tsofaffi magana bai kamata ya riƙe ta ba. Barira ma ya ɗauke ta daga kan kwamfuta. Bayan mako biyu Barira ta daina zuwa, da ta ga Sallau ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa.

Haka aka ƙarasa yaɓe kafin ruwan fari. Yasira na zuwa tana tsara hotuna, Sallau na saman ganuwa, tsakaninsu sai ina kwana. Ta rame, amma ba ta roƙi kowa ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne ta san gaskiya ya faɗa.

Da damina ta zauna, lokacin da ƙungiyar ke bin tsofaffi gida-gida, ta tambayi Inna ko za ta yarda a naɗi nata labarin, tunda ita ma a tsibirin aka haife ta. Inna ta ce ta ɓace mata da gani. Sai da aka yi wata guda, wata ranar Talata tana tsince wake, ta ce ba tare da ta ɗago ba,

"Ɗauko wayar taki."

Ta yi magana kusan awa ɗaya. Ta ce shekararta bakwai aka tashe su. Ta ce Wakili uba ne mai tausayin 'ya'yansa, amma abin da Ɗangana ya faɗa haka ya faru, kuma duk gidansu sun sani, an dai hana su faɗi ne.

"Marka ƙawata ce," in ji Inna. "Tare muke wanke kwanoni a bakin ruwa. Tana da wushirya, in ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu... Ranar da aka kai ta ina laɓe bayan rumbu ina kallo. Kar ki yanke komai, kin ji ko?"

Washegari Yasira ta shiga motar Wara. Ta tarar da Ɗangana a kan tabarma yana gyaran komar kamun kifi, Sallau na gefe yana riƙe masa zare. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nemi gafarar abin da ta yi wa maganarsa, sannan ta ajiye wayar a gabansa ta kunna.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce a maido masa wurin wushirya. Aka maido. Ya ce a sake.

"Na ɗauka ni kaɗai na rage da na san fuskarta," ya ce. Ya goge ido da bakin riga. "Ki ce ma ɗiyar Wakili ina nan tafe. Ita ba ta rubuta ba, ba ta tsallake ba."

Sallau ya raka ta tasha. Da suka yi nisa sai ya ce ya yi kewarta fiye da yadda ya so, kuma kullum yana ganinta daga saman ganuwa, yana kawar da kai ne da gangan.

"Na sani," ta ce.

"To ki yi haƙuri, sanyin idona."

"Kai ma haka."

Bayan mako guda Ɗangana ya zo Yelwa da kansa, da sandarsa da ƙullin busasshen kifi. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Suka yi wuni suna lissafo mutanen tsibirin, wane ya rasu, wance tana Shanga wurin jikoki. Sai da la'asar ta yi ya tuna abin da ya kawo shi.

Inna ta ce ita mace ce, ya je ya ga baffan yarinyar, amma in an tambaye ta ba ta da ja.

An ɗaura auren bayan girbi.