Ƙwayoyin Da Aka Watsar A Kwata

Amarya tana durƙushe a bakin kwata da tsohon cikinta, tana tsintar ƙwayoyin da yayar mijinta ta watsar. Jajayen na ƙarin jini da ƙananan masu ruwan ƙwai duk sun jiƙe, suna narkewa a yatsunta.

"Yaya, ki dubi girman Allah. A wajen awo aka ba ni, sun ce na gina jikin yaro ne da ƙwaƙwalwarsa..."

"Rufe min baki. Mu da muka haifi shida, wace ƙwaya muka sha? Cikin kike son zubarwa don kin ga ƙanena ba ya gari."

Mijin direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Yaya kuwa tun da aurenta ya mutu ta dawo ta riƙe makullan gidan. Amarya marainiya ce, ba ta da inda za ta kai kuka. Da direba ya dawo, tun bai cire takalmi ba aka cika masa kunne, ya hana ta zuwa asibiti. Sai ta koma fakewa da sayen zare, ta biya wajen awo jiri yana ɗibarta, ta dawo ta cusa ƙwayoyin a aljihun keken ɗinkinta. Kullum za ta haɗiya sai ta waiga.

Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Amma yaro ya yi tafiya, ya yi gudu, baki shiru. Sa'anninsa suna surutu, shi sai ido. Yaya ta laƙaba masa Dolo, har maƙwabta suka ɗauka.

"Ga aikin ƙwayoyinki nan," in ji ta. "Kin kasa kashe shi, kin lalata masa kai."

Maganar nan ta hana Amarya sukuni. Ta hau keke ta sauka, ta yi ɗinki ta farke, ta leƙa yaron ta dawo. Anya ba gaskiya ba ce? Anya ba da hannunta ta cuci ɗanta ba? Sai ta rungume shi tana kuka, tana cewa, "Ya Allah, in laifina ne ka ɗora min, ka bar min yaron nan..." Ana cikin haka direba ya ce ta tattara ta bar masa gida, ita da dolonta.

Wani ɗaki ta kama a bayan shagon mai gyaran rediyo. A nan ta fara lura: yaron yakan zauna ya ware mata maɓallai, kowane launi da girmansa, ba kuskure. In ta kira shi daga baya ba ya juyowa, amma in yana kallon bakinta sai ya yi abin da ta ce. Ta ajiye almakashi, ta saɓa shi sai asibiti.

Likita ta duba, ta ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, ƙaramin aiki za a yi, amma sai uban ya zo. Ya zo yana cin magani, ya ce ai ƙwayoyi ne suka jawo.

"Malam, ba su ba ne," in ji likita. "Irinsu ake so mai ciki ta sha, suna taimaka wa ginin ƙwaƙwalwar jariri. Ɗanka ba dolo ba ne, ji ne ba ya yi sosai. Ka gode wa matar nan."

Direba ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a gwiwar wandonsa. "Na zalunce ki," ya ce wa Amarya. Ta jawo ɗanta ta rungume.

Bayan aiki bakin yaro ya buɗe kamar an kunce famfo. Direba ya karɓe makullai, ya mayar da matarsa ɗakinta. Yaya ta koma gidan 'yarta mai ciki, can ma ta hana yarinyar shan ƙwayoyin. Wajen haihuwa jini ya yi wa yarinyar ƙaranci, da ƙyar aka ceto ta. Surukin ya fitar wa Yaya da kayanta ƙofar gida, 'yar ko kallonta ba ta yi ba.

Bayan 'yan shekaru, ranar ba da kyauta a makaranta, Yaya tana raɓe a bakin ƙofa, ba wanda ya ce mata shigo. Aka kira yaron, ya karɓo kyautarsa, ya rugo ya faɗa jikin uwarsa.

"Mama, me ya sa kike kuka? Ai ni na zo na ɗaya."

Ta share masa gumi da bakin mayafinta. "Shi ya sa, Babana."