Gonar da Ta Bushe a Garou

Da hantsi aka tsinci gawar Inna Sa'a a maƙale da tushen giginya, bayan madatsar ƙasa da ke kare fadamar shinkafa ta Garou ta fashe, jan ruwan Kwara ya shanye gonaki. Ajidan Latifu, jandarman Malanville, ya tsaya a bakin ɓarakar ya daɗe yana kallo. Ƙasar gefenta a miƙe take kamar an yanka da wuƙa, shi kuwa ya san ruwa ba ya yanka haka.

Mutanen gari sun riga sun sami mai laifi. Rahina ce, injiniyar da ke auna ruwan kogin tun daga tsaunukan Gini da hotunan tauraron ɗan'adam. Ita ta ce a rediyo ruwan bana ba zai haura madatsar ba, mutane suka zauna. Na-Allah, ɗan marigayiyar, shi ya fi kowa ɗaga murya.

Latifu ya same ta a ofis, idanunta sun kumbura.

"Ajidan, tun jiya nike sake lissafin," ta ce. "Saura kamu guda ruwa shi kai baki. Amma in na rufe ido, tsohuwar nike gani. In ni na kashe ta, ka hwaɗa mini."

Tausayinta ya kama shi. Ya fara bincike da Yari masunci, wanda fashewar ta cika wa koma da kifi.

"Ina kake ran Laraba, da madatsa ta hwashe?"

"Garin Gaya nike, Ajidan, ƙetaren gulbi, wajen zanen suna. Duwan, 'yan kwastan na gada, sun gan ni."

Sun gan shi kuwa. Issufu makiyayi, da ake cewa shanunsa na tattaka madatsar, ya kwashe su zuwa Guéné tun farkon damina. Latifu ya koma wurin Rahina hannu rabbana, ya ce ta bar kogin, ta nuna masa fadamar kafin fashewar.

Ta buɗe wani hoto na tauraron da ke gani ta cikin gajimare. A cikinsa duk inda ruwa ya kwanta baƙi ne. Makon da ya wuce ruwan sama ya cika gonakin bayan madatsar, duk sun yi baƙi ƙirin. A hoton da ya biyo baya, gona ɗaya tak ta yi fari, wadda ke manne da inda aka samu ɓarakar.

"Ta wa ce?"

Rahina ta duba taswirar gonakin. Ta Na-Allah ce.

Latifu ya iske Na-Allah zaune a tabarmar makoki. Ya yi masa gaisuwa, sannan ya ja shi gefe.

"Malam Na-Allah, gonakin maƙwabtanka duk sun sha ruwan sama. Taka ta bushe. Ina ruwanka ya tahi?"

"Rana ta shanye shi."

"Rana ba ta zaɓen gona. Ka sare madatsa ka sako ruwanka cikin gulbi tun shina ƙasa, ka toshe da buhunan yashi. Da jan ruwa ya taso, nan ya samu ƙohwa. Ko ba haka ba?"

Na-Allah ya durƙushe a ƙasa.

"Haka uwayenmu ka yi," ya ce. "Baƙin ruwan Gini muka tsoro, na lokacin ɗari. Kahin shi zo mun gyara. Wa ya san jan ruwan damina ya hi shi ƙarhi yanzu?"

"Shi ya sa ka ɗora wa yarinyar mutane?"

Na-Allah ya juya kai. Yana kallon ƙofar ɗakin uwarsa.

"Ranar da nike haƙa, Inna ta kawo mini hura. Ta zamna bisa madatsa tana kallo, ta ce, 'Na-Allah, ka rufe shi da kyau, bukkata na nan ƙasa.' Na ce mata na rufe."