Kwalbar Dakta Silvanus

Washegarin jana'izar Martins, tagwainsa Dakta Silvanus ya kai ƙara ofishin 'yan sanda na Kafanchan. An sace masa kwalba.

"Kwalba?" in ji Sufeto Badruddeen.

"Biyu ne, a rufe ruf, aka ɗauke ɗaya. Ƙwayoyin zarra ne a ciki. Ina harba musu hasken leza mai saurin da ya fi ƙiftawar ido, in ɗaure ƙwaya biyu, ta yadda in an auna ɗaya an san halin ɗayar, komai nisa. Jami'ar da nake aiki a Jamus ta ba ni aro in nuna wa ɗalibai a Jos, sai rasuwar ta tsare ni. In ban mayar ba, aikina ya ƙare."

A ɗakin Dakta, Sufeto ya tarar da agogo da rediyo a inda suke. Kwalba ɗaya na kwance cikin sosonta, gurbin ɗayar fanko. Ɓarawon da ke ɗaukar rabi bai zo don kasuwa ba.

A'i maƙwabciya, wadda ta yi girkin makoki, ta ce ba ta ga kowa ba.

"Amma na ji guduma sau biyu. Da safe, da kuma dab da tafiya coci."

Meshak kafinta ya rantse sau ɗaya ya buga murfin akwatin gawa.

"To waɗannan lanƙwasassun ƙusoshin da ke aljihunka fa?" in ji Sufeto.

"Oga, tsofaffi ne."

"Babu tsatsa."

Meshak ya sunkuyar da kai. "Mama ce ta ce in buɗe. Wa zai hana uwa?"

Mama Afiniki, mahaifiyar tagwayen, na zaune a tsakar gida cikin zanen zumuntar matan coci. Ba ta yi musu ba.

"Ni ce, ɗana. Mukan sa wa mamaci abin da zai riƙe. Na sa a hannun Martins na dama." Ta juya ga Silvanus. "Na ji kana faɗa wa fasto, abin da hasken nan ya ɗaure, nisa ba ya raba shi. Ciki ɗaya kuka kwanta. Kai ka tafi da ɗaya, shi ya riƙe ɗaya."

Ta miƙa wa Sufeto hannuwanta. Bai ɗauko ankwa ba. Ya ce ta shiga mota a rubuta bayani, ya buɗe mata ƙofar gaba.

Sannan ya ja Dakta gefe. "Ƙwayoyin suna ɗaure ɗin?"

"A'a. Ban haska waɗannan ba tukuna. Ko an ɗaure, ɗaurin ba ya kai daƙiƙa."

"Sai a nemi izinin tone kabarin."

Silvanus ya dubi motar. Mama na ciki, ta ɗora hannuwa a cinya.

"A bar masa," ya ce. "Kuma kada ka faɗa mata ba a ɗaure suke ba."