Shekarar da Ruƙayya Ta Daina Dariya

"Sodangi, ka bar ƙofar gidanga!"

Ruƙayya ce ta daka tsawar. Dawowarta ke nan daga tonon ruwa a busasshen gulbi, tulu a ka, ƙafafu futu-futu, ta tarar da saurayin nata riƙe da ƙafa guda yana langa da ƙannenta, har hularsa ta faɗi.

"Haba 'yar Gobir, mi na yi?"

"Gero ya ƙone a gona, rumbunmu ya kai ƙasa, kai kana tsalle awa ɗan akuya! Wanga ne mijin da za ni aura?"

Ya sauke ƙafarsa a hankali.

"Ke ce fa in kin shiga gaɗa a dandalin garinmu Turba ba a jin muryar kowa. Ina waccan Ruƙayyar?"

"An rufe ta tare da Inna."

Ya ɗauki hularsa ya tafi.

Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce uwa a gidan. Daka ita, ruwa ita, ga Baba kwance da ciwon ƙafa. Gwaggo Tasalla, ƙanwar Baba, ta ce ta yi daidai, namijin da bai bar wasan yara ba ba ya riƙe gida.

Ba a jima ba Ruƙayya ta ji Sodangi ya bi fatake zuwa Maraɗi, ko sallama babu.

Kande maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe da sa masa ido, ta leƙo da murmushi.

"An ce ya samu wata a can... mai fara'a."

Ruƙayya ta ci gaba da daka, kamar ba ta ji ba.

Amma ta ji.

Duk ranar kasuwar garin Isa kunnenta na kan hanya. In mota ta tsaya, sai ta leƙa waje. Wani lokaci waƙa kan taso mata a bakin turmi, sai ta cije leɓe ta haɗiye. Damina ta sake zuwa ta wuce da ƙyar, shi bai zo ba.

Sai Uwa, autarsu, ta kwanta. Ta ƙi koko, ta ƙi kwaɗon tafasa. Ruƙayya ta yi faɗa, ta yi lallashi, yarinya ta datse baki.

"Uwa, don Allah... ko ludayi guda."

"Yaya," ta ce da 'yar murya, "in Sodangi ya zo mantawa nike da cikina na ciwo."

Maganar ta ratsa Ruƙayya. Ashe ba shiririta Sodangi yake yi ba, yara yake mantar wa da wahala.

Ta miƙe, ta kife ƙwarya a ka, ta karkace baki, ta shiga kwaikwayon raƙumi yana tuƙa. Uwa ta ƙyalƙyale. Bakin na buɗewa ludayi ya shiga. Ruƙayya ta yi ta raƙumi har kokon ya ƙare, tana dariya hawaye na zuba.

Da Sodangi ya dawo, da ƙyar ta gane shi. Ya rame, dako ya farfasa masa hannuwa. Ya sauke buhun gero daga jaki, ya tsaya nesa, fuska a ɗaure.

"Barka da gida. Ina gajiya? Na girma, Ruƙayya, kamar yadda kinka so."

Abin ya soke ta fiye da tafiyarsa.

"Ita mai fara'ar Maraɗi fa?"

"Wace? Ni buhu kaɗai na sani a Maraɗi."

"To ka turo magabatanka wajen Baba," ta ce, idonta ya ciko. "Amma ka zo mini da wanda na kora. Shi nike jira, masoyina... shi."

Ya sunkuyar da kai, har yanzu ba fara'a.

Sai ta turo ƙirji, ta haɗe gira, ta ƙara kaurin murya.

"Barka da gida. Ina gajiya? Na girma!"

Leɓensa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi, amma dariyar ta ƙwace masa har ya dafa jaki. Ita ma ta biye masa.

Daga cikin gida Gwaggo Tasalla ta ɗaga murya.

"Wace mara hankali ce ke dariya cikin wanga fari?"

Ruƙayya ta share hawaye da bakin gyale.

"Ni ce, Gwaggo!"